Ruwan Toka ko Kirim: Wane Fenti Ya Dace da Falon da Tagarsa ke Kallon Yamma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna so mu sake fentin falonmu a Kubwa. Falon ƙafa 16 ne da ƙafa 13, babbar tagarsa tana kallon yamma, kujerunmu ruwan ƙasa ne mai duhu, tayil ruwan madara, silin kuma POP ne fari. Ni ruwan toka nake so irin wanda nake gani a hotuna a waya, maigida kuma ya ce a bar shi a kirim kamar na kowa. Muna da yara ƙanana. Wanne ya fi dacewa, kuma fenti nawa za mu saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ke da maigida kowa ya riƙe wani gefe na gaskiya. Ruwan tokar da ake yawan gani a waya mai sirkin shuɗi ce, ba za ta zauna lafiya da kujeru ruwan ƙasa da tayil ruwan madara ba. Kirim ɗin da aka saba, mai ɗaukar rawaya, shi kuma a falon da rana ke faɗowa ciki daga la'asar zai koma ruwan ɗorawa sosai. Abin da ya fi dacewa da wannan falo shi ne ruwan toka mai haske wanda aka sirka da ɗan ruwan ƙasa, wanda idan aka kalle shi ba a iya cewa kai tsaye toka ne ko kirim. Sai dai kada ki sayi ko galan ɗaya a kan maganata sai an gwada shi a jikin bangonku.

A duk abin da ke cikin falo, bango ne mafi sauƙin canzawa. Tayil ya zauna ke nan, kujeru sai sun yi shekaru, ƙofofi ma haka. Don haka launin bango ne ke bin su, shi ake zaɓa a ƙarshe. Ranar da za ki je shagon fenti, ko a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ko a shagunan kamfanoni irin su Dulux da Berger da ke cikin gari, ki tafi da matashin kujera guda ɗaya, da guntun tayil idan ya rage daga gini, da yankin labule idan ba za a canza shi ba. Ki jera su a kan tebur, ki riƙa ɗora katin launi a tsakaninsu.

Abin da za ki duba shi ne launin da ke ɓoye a ƙarƙashin wanda ido ya fara gani. Da wuya a sami ruwan toka zalla a cikin katin fenti. Wata toka da shuɗi a ƙarƙashinta, wata kore, wata shunayya, wata ruwan ƙasa. Kirim ma haka: akwai mai jan rawaya, akwai mai jan ruwan hoda, akwai mai jan kore. Ido ba ya kama wannan idan katin yana shi kaɗai. Ki ɗora shi a kan farar takarda fes, sannan ki ajiye wasu katuna biyu masu kama da shi a gefe, nan take za ki ga wannan ya karkata shuɗi, wancan ya karkata ƙasa. Kujerunku da tayil ɗinku duk masu ɗumi ne, wato asalinsu ja da rawaya. Idan aka kewaye su da toka mai shuɗi, tayil ɗin zai zama kamar ya yi datti, kujerun kuma su ƙara ja, sai a rasa abin da ya sa falon bai haɗu ba alhali kowane abu a cikinsa mai kyau ne.

Hoton waya kuwa ki ɗauke shi a matsayin abin da ya nuna miki hanya kawai. Gilashin waya haske yake fitarwa, bango kuwa haske yake karɓa ya maido, kuma kusan duk hotunan nan an ƙara musu haske kafin a sa. Yawancinsu ma gidajen Turai da Amurka ne, masu daɓen katako da manyan tagogi da wata rana daban da tamu.

Maganar rana ita ce inda ake yawan ɗauko shawarar da ba ta dace da mu ba. A ƙasashen Turai ana cewa ɗakin da ke kallon arewa ba ya samun rana, na kudu ne mai haske, domin a can rana kullum ta kudu take ratsawa. Abuja tana kusa da digiri 9 ne arewa da tsakiyar duniya, rana kusan ta tsakar ka take bi. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ma da tsakar rana ta ɗan karkata arewa take, sauran watannin ta koma kudu. Saboda haka a nan bambancin tagar arewa da ta kudu bai kai na gabas da yamma ba. Wanda bai tabbatar da inda tagarsa ke kallo ba, ya yi amfani da alƙibla: daga Abuja gabas ce da ta karkata arewa, bangon da ke bayan mai salla kuma yana wajen yamma.

Falon da ke kallon yamma fuska biyu gare shi. Da safe har zuwa azahar haskensa kaɗan ne kuma mai sanyi, a lokacin toka mai shuɗi takan sa ɗaki ya yi dususu. Daga wajen ƙarfe uku zuwa faɗuwar rana kuma haske mai ja da rawaya ke shigowa, ya faɗa a kan bangon da ke fuskantar tagar. Duk launin da dama yana da rawaya ko ja, irin su kirim mai cizawa, ruwan hoda da ruwan lemo, a wannan lokacin zai ninka, falon ya yi kamar ya fi zafi, ga shi dama a watannin Maris da Afrilu bangon yamma ya sha rana ya ƙoshi. Launin da na ambata yana da ɗumin da zai hana shi mutuwa da safe, yana kuma da tokar da za ta danne jan yamma.

Ki duba gilashin tagar ma. Tagogin alminiyam da yawa a gidajen Abuja gilashinsu mai launi ne, shuɗi ko kore ko ruwan ƙasa, kuma duk hasken da ya ratsa shi da launinsa yake shigowa. Idan na ku shuɗi ne, ko farin bango zai yi shuɗi-shuɗi da rana. Haka nan idan katangar maƙwabci tana dab da taga kuma an yi mata ruwan lemo, ko akwai baranda mai rufi a gaban tagar, duk suna canza abin da zai iso bangon.

Sai ƙwan lantarki, wanda shi ne ke mulkin falo daga magariba, lokacin da aka fi zama a cikinsa. A jikin kwalin ƙwai akwai lamba mai harafin K a ƙarshe. Mai 6500K shi ne fari ƙal mai ɗan shuɗi, shi ya fi yawa a kasuwa. Yana kashe kirim, ya sa toka ta yi sanyi irin na ofis. Mai 2700K zuwa 3000K rawaya ne, yana ƙara wa kirim rawaya, toka kuma ya mai da ita ruwan ƙasa. Mai 4000K yana tsakiya, kuma shi zan ba da shawara a wannan falo. Idan kwalin ya nuna CRI ko Ra, wato ma'aunin yadda ƙwan ke fito da ainihin launin abubuwa, a nemi 80 zuwa sama, domin ƙwai mai ƙasa da haka yana ɓata launin komai, har fuskar mutane. A canza ƙwayayen kafin a gwada fenti, kuma duka su zama lamba ɗaya. Fitilun nan masu shuɗi da shunayya da ake ɓoyewa a cikin POP, idan ana kunna su kullum, babu launin da za a zaɓa ya fito yadda aka zaɓe shi.

Akwai abin da katin fenti ba zai gaya miki ba, wato ƙura. Iri biyu muke fama da ita a Abuja. Akwai jar ƙasar unguwa, wadda motoci da gine-gine ke tayarwa, yara kuma su shigo da ita a hannu da ƙafa. Akwai kuma ƙurar hunturu daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, mai laushi, fara-fara. Jar tana fitowa ɓaro-ɓaro a kan farin bango da toka mai shuɗi. Farar kuma tana kwanciya a kan launi mai duhu, shuɗi mai cizawa ko toka mai duhu, har a iya rubutu da yatsa. Launukan da ke tsakanin yashi da toka su ne ke haɗiye duka biyun. A nan maigida ya yi gaskiya: ba banza ba kirim ya cika gidaje.

Game da yawan haske ko duhun launin, wasu kamfanoni suna rubuta lambar LRV a bayan kati, daga 0 zuwa 100, tana nuna kason hasken da launin ke maidowa. Ga falo mai babbar taga ɗaya da kujeru masu duhu, a nemi tsakanin 60 da 70. Ƙasa da 50, za a riƙa kunna wuta da rana tsaka. Idan babu lambar, ki bi wannan: duk launin da ya burge ki a kati, ki ɗauki wanda ya fi shi haske da mataki ɗaya a layinsu. Launi yana ƙara ƙarfi idan ya mamaye bango huɗu, domin kowane bango yana haska wa ɗan'uwansa.

Yanzu gwaji. Ba a yanke hukunci a kan atamfa a ƙarƙashin fitilar shago sai an fito da ita waje, to fenti ya fi atamfa buƙatar haka. Ki tsayar da launi uku, kada su wuce haka, ki sayi mafi ƙanƙantar gwangwanin kowanne. A samu farin kwali mai kauri ko falanki, aƙalla santimita 60 kowane gefe, a shafa masa sau biyu har bakinsa, a bar shi ya bushe sosai, domin fentin ruwa yakan ɗan ƙara duhu bayan ya bushe. Kwalin ya fi shafawa kai tsaye a bango saboda dalili biyu: tsohon launin da ke kewaye yana ruɗar ido, kuma kwali ana iya yawo da shi. A jingina shi a bayan kujera, a sauke shi ƙasa ya taɓa tayil, a kai shi bangon da ke fuskantar taga, a kai shi lungun da ya fi duhu. A duba da hantsi, da azahar, da bayan la'asar, da dare an kunna wuta, kwana biyu ko uku. Ki sa maigida ya duba tare da ke a waɗannan lokutan, sau da yawa gardamar a nan take ƙarewa. Wanda aka zaɓa a rubuta sunansa da lambarsa, domin sunaye irin su "kirim" ko "ash" kowane kamfani da nasa.

Idan kina son falon ya ɗan yi armashi, bango ɗaya ya isa a ba shi launi mai ƙarfi, kuma bangon talabijin ya fi dacewa, don duhu a bayan talabijin yana hutar da ido. Da irin kujerunku, kore mai duhu mai jan ruwan ƙasa, irin na ganyen zaitun, yana tafiya, haka ma launin bangon kansa idan aka ɗauki wanda ya fi shi duhu da mataki uku. Kada a zaɓi bangon da tagar take jikinsa, dama shi ne mafi duhu. Masu ƙawata ɗaki suna da lissafin kashi 60, 30 da 10: babban launi, mai bi masa, da ɗan abin ado. Ba doka ba ce, amma ki lura kujerunku sun riga sun cinye kashi 30 ɗin, saboda haka kada a sake shigo da launi na huɗu da na biyar. Silin a bar shi fari marar sheƙi. Idan gidan haya ne, a tuna launi mai duhu yakan ci shafi uku kafin a rufe shi ranar tashi.

Irin fentin kuwa, a gida mai yara ya kusa fin launin muhimmanci. Emalshan na yau da kullum marar sheƙi ne, yana ɓoye aibin bango, amma mai arha daga cikinsa ba ya jure wanki, ana goga tsumma zai biyo shi. Satin, wasu kamfanonin suna kiran nasu siliki, yana da ɗan sheƙi, ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da ɗan sabulu. Shi ne maganin shatin hannun yara, da na man kai da ke fitowa a bango inda ake jingina idan an zauna a kan kafet. Aibinsa shi ne tonon asiri: duk wani tudu da kwari na filasta sai ya nuna, musamman a bangaye biyu da ke gefen tagar yamma, inda haske ke bi ta jikinsu a kwance. Don haka satin sai bangon da aka yi wa skiridin, wato siririn shafin da ke daidaita filasta, aka goge da samfefa ya yi sumul. Idan ba za a yi wannan aikin ba, gara a nemi marar sheƙi mai inganci wanda aka rubuta ana iya wanke shi. Fentin mai a bar wa ƙofofi da ƙarafan taga. A bango yana ƙyalli fiye da kima, farinsa kuma yana komawa rawaya a wurin da ba haske. Mai yashi-yashin nan na waje kada ya shigo falo, ƙura yake tarawa, yana kuma kurje gwiwar hannun yara.

Kafin a buɗe bokiti a binciki bangon. A shafa tafin hannu: idan ya fito da farin gari, tsohon fentin ya mutu, duk abin da aka ɗora a kansa zai ɓamɓare. Sai an wanke, an kankare, an shafa firaima, wato shafin ƙasa da ke sa fenti ya kama bango. A jiƙa auduga da sifirit a goga: idan launi ya biyo, fentin ruwa ne, idan bai biyo ba na mai ne, kuma fentin ruwa ba ya kama shi sai an kashe sheƙinsa da samfefa an sa firaima. Wajen goge tsohon fentin mai a fitar da yara daga gidan, a jiƙa wurin kafin a goga, saboda wasu tsofaffin fentin mai suna ɗauke da dalma. Sannan a duba ƙasan bango, daga tayil zuwa kamar mita ɗaya. Idan akwai bororo, ko farin gishiri-gishiri, ko fenti na zubowa, danshi ne ke hawowa daga ƙasa ko yake ratsowa daga waje, abin da ya zama ruwan dare a Abuja a watannin Agusta da Satumba. Don tabbatarwa a manna leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe, a rufe bakinta da salatif, a bar ta kwana ɗaya. Idan cikinta ya yi gumi ko wurin ya yi duhu, bangon a jiƙe yake. Satin a kan irin wannan bango yana toshe ruwan ne a ciki, ya kumbura ya fashe. Sai an gyara tushen matsalar tukuna, ko magudanar ruwa ce a waje, ko bututu, ko tsagar bango. Fumfuna kuma a wanke ta da bilic kashi ɗaya, ruwa kashi uku, a buɗe tagogi, a bari ya bushe. Duk inda aka yi sabuwar filasta a ba ta aƙalla mako huɗu.

Ga lissafin. Ƙafa 16 da 13 kusan mita 5 da mita 4 ne. Kewayen falon mita 18 ke nan. Idan tsayin bango mita 3 ne, ya zama murabba'in mita 54. A cire ƙofofi da tagogi, a ce 8, saura 46. Shafi biyu ya zama 92. Fenti mai kyau a kan bango mai sumul yana rufe kimanin murabba'in mita 10 da kowace lita, wato lita 9 zuwa 10, don haka galan uku masu lita 4 sun isa har da ragowa. Idan filastar mai kaushi ce, lita ɗaya ba ta wuce murabba'in mita 6 zuwa 7, za a buƙaci kimanin lita 13 zuwa 15, a nan bokiti mai lita 20 ya fi. Silin murabba'in mita 20 ne, shafi biyu galan ɗaya. Firaima shafi ɗaya lita 5 zuwa 6. Bangon talabijin idan za a bambanta shi, galan ɗaya ya wadatar a shafi biyu. A duba jikin bokitin, kowane kamfani yana rubuta nasa adadin.

Abu biyu ne ke ɓata launi a hannun mai fenti. Na farko ruwa. Yawancin fentin ruwa ba sa son fiye da kashi 10 cikin ɗari, wato lita 2 a bokiti mai lita 20, sai dai shafin farko a kan sabuwar filasta da ake ɗan tsinka shi. Idan aka zuba fiye da haka don fenti ya yi auki, launin zai fito a koɗe, shatin rola ya bayyana, kuma ba zai wanku ba. Na biyu haɗa launi da hannu, a sayi fari a riƙa ɗiga masa kala ana juyawa da sanda. Idan ya ƙare ana tsakiyar aiki, ba za a sake samun irinsa daidai ba. A sayi wanda aka haɗa daga kamfani ko wanda na'ura ta haɗa da lamba, a sayi duka a rana ɗaya, sannan a juye galan ɗin masu launi ɗaya duka a babban bokiti guda a gauraya kafin a fara, domin ko lamba ɗaya ce akan sami ɗan bambanci tsakanin gwangwani da gwangwani.

A fara da silin, sannan bango, ƙofofi a ƙarshe. A bar awa 3 zuwa 4 tsakanin shafi da shafi, da damina fiye da haka, kuma kowane bango a gama shi daga lungu zuwa lungu ba tare da tsayawa a tsakiya ba. Da hunturu fenti yana saurin bushewa, amma ranar da hazo ya sauko a tura tagar da iska ke shigowa, kada ƙura ta manne a ɗanyen fenti. Ko da ya bushe a hannu, ba ya gama ƙarfi sai bayan mako biyu zuwa huɗu, kafin nan kada a wanke shi, kada kuma a manna kujeru a jikinsa. Kaskon turaren wuta a riƙa ajiye shi nesa da bango, hayaƙinsa ne ke yin shatin rawaya a lungu da kan POP. A rage lita ɗaya a gwangwani mai murfi a ajiye a inuwa, a rubuta suna da lamba da ranar saye a jikinsa. Marar sheƙi yana karɓar faci da ɗan buroshi, satin kuwa facinsa yana nunawa, idan wuri ya ɓaci sosai sai dai a sake wannan bangon gaba ɗaya.